Sintisaiza, samfula, sikwansa: da wanne zan fara, kuma me ya sa kalanguna ba ya magana?

Sabon_Shiga_Fagge
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman a fahimtar da ni. Wata uku ke nan da yayana ya bar min tsohuwar laftof ɗinsa, na sa manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, ta gwaji, a ciki, kullum ina kan kallon bidiyon koyarwa. Kalmomi uku ne suka tsaya min a rai: sintisaiza, samfula da sikwansa. Wani ya ce min duk abu ɗaya ne, wani kuma ya ce kowanne na'ura ce daban da sai na saya. Ni kuwa ɗan abin da ke hannuna bai taka kara ya karya ba, ko fiyano ban mallaka ba.

Tambaya ta biyu ita ta fi damuna. Na samo sautin kalangu a cikin wani tarin sautuka, na jera shi yadda nake jin kiɗan a kaina, amma in na kunna sai in ji kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ina matsalar take?

Injiniya_Samaru
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba abu ɗaya ba ne, kuma ba sai ka sayi ko ɗaya ba, duka ukun suna cikin manhajar da ke gabanka.

Sintisaiza ƙera sauti yake yi daga tushe, babu abin da aka taɓa naɗa aka zuba masa. Samfula kuwa sai an ba shi. Ka naɗi bugun ganga ko muryar mutum, ka ɗora masa, duk lokacin da ka taɓa maɓalli ya maimaita maka. Sikwansa shi ko uffan ba ya cewa. Aikinsa riƙe lissafi: wane sauti za a buga, a wane lokaci, da wane ƙarfi, ya ɗauki tsawon yaushe. Ka ɗauke shi a matsayin hannun makaɗi, sauran biyun su ne gangunan. Waɗancan ƙananan gidaje 16 da kake kunnawa kana kashewa, sikwansa ke nan. Inda kake jawo fayil ɗin kalangu ka ajiye, samfula ne. Abin nan mai suna 3xOsc, sintisaiza ne.

Yaren da suke magana da juna shi ne MIDI. An fito da shi a 1983, Dave Smith na kamfanin Sequential a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan suna cikin waɗanda suka jagoranci aikin. MIDI ba sauti ba ne, saƙo ne kawai, kamar a ce "a buga maɓalli mai lamba 60 da ƙarfi 90". Ƙarfin bugu daga 0 zuwa 127 ake auna shi. Shi ya sa za ka iya rubuta kiɗa da sautin fiyano, gobe ka mayar da shi sarewa ba tare da ka sake bugawa ba.

Tsohon_Fiyano
Malam Injiniya ya yi bayani mai kyau, amma ni shawarata daban ce. Yaro, ka tara kuɗi ka sayi fiyano ko da na hannu ne. Mu da muka fara zama a situdiyo a Kano ƙarshen shekarun 1990, fiyanon lantarki ta Yamaha PSR ce uwa ita ce uba. Yawancin kiɗan fina-finan Hausa na wancan zamani daga cikinta ya fito. Ka zaɓi salon kiɗa, hannun hagu ya riƙe ƙasa, na dama ya bi waƙa, ka naɗa layi bayan layi, ka adana a faifan fulofi. Mawaƙi zai shigo ya rera maka amshi sau biyu, kai kuma dole kunnenka ya lalubo maɓallin da muryarsa ta zauna a kai, ga mai fim a tsaye yana jiranka. Wannan horon kunnen, linzamin kwamfuta ba zai ba ka shi ba. Ina ganin yaran yanzu suna zana kiɗa da ido kamar masu zanen gini, in ka ce su bi mawaƙi kai tsaye sai su tsaya cak.

Bes808_Kaduna
Baba, da girmanka, amma a nan ban yarda ba. Ita PSR ɗin mece ce a cikinta? Sautukan da aka naɗa ne kamfani ya kulle a ƙwaƙwalwarta, sai sikwansa da ke juya salon kiɗan. Abin da ke cikin laftof ɗin yaron nan ke nan, har ya fi yawa. A kuɗin fiyano mai kyau a yau zai sayi hedifon nagari da makirufo, har ya yi ragowa. Ku dubi kiɗan amapiano na Afirka ta Kudu. Wancan bes ɗin mai kama da bugun turmi da ya cika duniya, daga wani ɗan sintisaiza ya fito da ke zuwa tare da FL Studio, Fruity DX10. Yaran unguwanni ne suka murɗa shi a ɗakunansu, da yawansu ba su taɓa mallakar fiyano ba.

Tsohon_Fiyano
Ban ce kwamfuta ba ta aiki ba, ni ma yanzu da ita nake haɗa waƙa. Cewa na yi yatsa da kunne su fara koyo. Ko ɗan ƙaramin fiyanon MIDI mai maɓalli 25 ne, ya samu ya riƙa taɓawa.

Jikan_Makaɗi
Ku bar batun saye tukuna, tambayarsa ta biyu ba a taɓa ta ba. Ɗan'uwa, kakana makaɗin mahauta ne, da kalangu ya ciyar da gidanmu, kuma na tashi ina ɗaukar masa kaya zuwa kasuwa. Kalangu fata biyu gare shi, tsakiyarsa a tsuke, tsirkiya ta haɗa wannan baki da wancan. A hammata ake riƙe shi. In makaɗi ya matse, fata ta ɗaure, murya ta yi sama. In ya saki, ta sauko. Ina iya tuna damtsen kakana, ko da yaushe yana motsi kamar mai numfashi, ko a lokacin da sandar ba ta taɓa fata ba. Wani lokaci zai buga sannan ya matse, sai ka ji sautin ya miƙe sama bayan bugun. Wani lokaci ya buga a matse ya saki, sautin ya zube ƙasa.

Dalilin da ya sa muke cewa kalangu yana magana shi ne Hausa da karin sauti take tafiya, akwai sama, akwai ƙasa, akwai faɗau. Ka furta "kai" na wanda kake magana da shi, ka furta "kai" na jiki, za ka ji na biyun ya faro daga sama ya faɗo. Wannan hawa da saukar kalangu yake bi har mutum ya gane takensa daga nesa. Kai kuma bugu guda ɗaya ka samo, a murya ɗaya, ka jera shi sau 16. Hammatar ce babu. Shi ya sa kake jin ƙofa.

Injiniya_Samaru
Madalla da wannan bayani, Jikan_Makaɗi. To ga yadda ake sa wa na'ura hammata, gwargwadon iko.

Akwai abin lanƙwasa murya, a fiyano shi ne ɗan gargaren da ke gefen hagu, a manhaja kuma layi ne da kake zanawa a ƙarƙashin kiɗan. Yawanci a kan rabin taki 2 yake zuwa sama da ƙasa (rabin taki shi ne tazarar murya tsakanin maɓallin fiyano da na kusa da shi), wannan ya yi wa kalangu kaɗan. Ka buɗe shi zuwa 7 ko 12, sannan ka zana: bugu, sai layi ya hau, ko bugu a sama sai layi ya sauko.

Amma ka san halin samfula na asali. In ka ɗaga murya, gudun sautin yake ƙarawa. Ka ɗaga shi rabin taki 12, tsawonsa ya koma rabi, ya zama siriri kamar na wasan yara. Don haka kar ka dogara da bugu ɗaya. Ka nemi mai kalangu na gaske ka naɗi bugu a sake, bugu a tsakiya, bugu a matse, mai hawa da mai sauka. Kowanne ka ɗauka sau 4 ko 5, domin hannun mutum ba ya maimaita bugu iri ɗaya sak. Ka raba su a maɓallai daban-daban, ka riƙa sauyawa. Sannan ƙarfin bugun da na ambata, kar ka bar su duka a lamba ɗaya. Wani 110, wani 70, wani 45 kamar raɗa.

Sabon_Shiga_Fagge
Allah ya saka da alheri. Wallahi duk a lamba ɗaya suke, ban ma san ana canjawa ba. Akwai wani dattijo mai kalangu a bayan layinmu, zan je in gaishe shi. To shi sintisaizan, ta ina ake kama shi? In na buɗe sai in ga maɓallan murɗawa sun fi 50.

Malama_Jos
Kar yawansu ya tsorata ka, ɗana. Ina koya wa matasa wannan a ƙarshen mako, kuma abu uku nake fara nuna musu.

Na farko mafarin sauti, wato osileta. Sauti girgiza ce. In abu ya girgiza sau 440 a sakan ɗaya, ka sami muryar A da ake daidaita kayan kiɗa da ita. In ya ninka zuwa 880, muryar ce dai amma a sama. Siffar girgizar ita ke ba da ɗanɗano. Akwai mai santsi kamar fito, akwai mai kama da haƙoran zarto wadda ke da kaifi da cika, akwai mai kusurwa huɗu mai sauti kamar daga cikin bututu.

Na biyu matata, wato filta. Kamar rariya take. Ka ɗauki mai haƙoran zarto, ka riƙa rufe matatar a hankali, za ka ji kaifin yana tafiya kamar ka rufe bakinka da tafin hannu kana magana. Wannan tsarin na farawa da sauti mai cika a rage shi, shi ne na Minimoog da kamfanin Robert Moog ya fitar a 1970, kuma har gobe a kansa ake koyo.

Na uku shi ne wanda za ka ga an rubuta ADSR. Yana faɗin yadda sauti ke shigowa, yadda yake ragewa, inda yake tsayawa muddin kana riƙe da maɓalli, da yadda yake ɓacewa in ka saki. Kuntigi da ka taɓa tsirkiya ya fito nan take ya mutu da wuri. Goge kuwa a hankali yake shigowa, kuma yana nan muddin ana gogawa. Bambancinsu ke nan a wannan wurin.

Ga aikin gida. Ka ɗauki mai santsin nan, ka sa shigowarta ta ɗan yi jinkiri kaɗan, ka ƙara ɗan ƙaramin "shhh" a ƙarƙashi don ya zama hucin baki, sannan ka sa muryar ta riƙa rawa kamar sau 5 a sakan. In ka yi daidai za ka ji abin da ya kusa da sarewar makiyayi. Ka buga a baƙaƙen maɓallai kaɗai, murya biyar ce, kuma yawancin waƙoƙinmu za su zauna a kai.

Mai_Gyaran_Rediyo
Malama, a ƙara da cewa ba duk sintisaiza ke bin hanyar rariya ba. Yamaha DX7 ta 1983 wata hanya ta bi da ake kira FM, inda girgiza ɗaya ke murɗa wata. John Chowning ne ya gano dabarar a Jami'ar Stanford. Ta fi ƙwarewa a sautin ƙararrawa da ƙarfe da katako. DX10 da Bes808 ya ambata ma ɗan gidan FM ne, shi ya sa bes ɗin yake da wannan ƙwal ɗin a farkonsa.

Ƴar_Damagaram
Sannunku da hira. Ina karantawa ina jin daɗi, amma na ga kamar ana maganar abin duk daga waje ya zo mana jiya. Mu a Nijar mun tashi da sautin Mamman Sani a kunne tun ba mu san sunansa ba. Da ogan ɗinsa na lantarki ƙirar Italiya, Orla, ya riƙa ɗaukar waƙoƙin gargajiyar ƙasar yana mayar da su cikin na'ura. A 1978 ya naɗi kaset ɗinsa a gidan rediyon ƙasa a Yamai, kuma shekara da shekaru ana sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi, duniya ta ji. Ka saurare shi, ƙanena. Na'ura ɗaya ce, ƴan sautuka kaɗan, amma in ka rufe ido sai ka ga rairayi da tafiyar raƙumi.

Ni tallan rediyo nake haɗawa, kuma a waya na fara kafin in sami kwamfuta. Shantu da ƙwarya na naɗa a ɗakin innata, har yau su nake amfani da su.

Bes808_Kaduna
Yaya, ogan ai ba sintisaiza ba ne a ƙa'ida, ba ka ƙera sautinka a ciki. Amma na karɓi maganar, kiɗan lantarki ne kuma namu ne.

Ɗan_Zango_Kumasi
Ina gaisuwa daga Zango. Akwai abu ɗaya da ba wanda ya faɗa, kuma ina zargin yana cikin abin da ya kashe masa kalangun. Gidajen nan 16 an gina su ne a kan bugu 4, kowane bugu an raba shi 4. Haka na'urar kiɗan ganga ta Roland TR-808 ta zo da su a 1980, kowa ya bi. Amma kiɗan gargajiya da yawa, a nan Gana da can gida, kowane bugu kashi 3 yake rabuwa. Gida 12 ke nan, ba 16 ba. In ka tura kiɗa mai 12 cikin gidaje 16, ƙafarsa za ta karye, ko da sautin ya yi kyau.

Gwada wannan. Ka mayar da tsawon layin gida 12. Babbar ganga a 1, 4, 7, 10. Tafi a 1, 3, 5, 7, 9, 11. Ka kunna ka ji yadda biyu da uku suke jan juna, kafaɗarka da kanta za ta motsa. In a wurin zana kiɗa kake aiki, ka sa ma'aunin a kan kashi ɗaya cikin uku na bugu.

Bes808_Kaduna
Gaskiya ne. Amma ko a cikin 16 ɗin akwai hanya. Ka sa tafi a 1, 4, 7, sannan 9, 12, 15. Uku, uku, biyu. Rabin kiɗan da ake ji a gidajen biki yanzu a kan wannan ƙashin yake. Ka sa gudu wajen bugu 100 zuwa 108 a minti. Sai ka taɓa maɓallin swing kaɗan, wanda ke ɗan jinkirta kowane gida na biyu. Roger Linn, wanda ya tsara na'urar haɗa kiɗa ta Akai MPC60 ta 1988, shi ya shahara da wannan dabarar: kashi 50 a miƙe yake, kashi 66 ya zama mai uku-uku sak. Tsakaninsu daɗin yake, ni ina yawan zama a 56 zuwa 60.

Sharp_Boy_22
Wai duk wannan dogon bayani, ku ba shi inda zai sauke fasasshiyar manhaja kawai ya huta. Kowa ita yake amfani da ita.

Abban_Ilham
Kar ka soma, ƙanena. Ni na yi, kuma na ɗanɗana kuɗata. Shekara biyu da suka wuce na sauko da wata fasasshiya daga wani shafi, ta yi aiki lafiya mako uku. Wata safiya na buɗe kwamfuta na tarar duk fayilolina sun canja suna, ba wanda ke buɗuwa, ga rubutu wai in biya kuɗi. Waƙoƙin biki 9 ne a ciki, na mutane, an riga an ba ni kafin alƙalami. Ɗaya daga ciki amarya ce da kanta ta zo da ƙawayenta suka yi amshi, kuma bikin saura kwana 4. Na kira su ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri, wasu na mayar musu da kuɗinsu. Har yau in na tuna muryar mahaifiyar yarinyar nan a waya sai jikina ya yi sanyi. Tun daga ranar komai nawa kwafi biyu ne, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan waje da ke cikin aljihun tebur.

Malama_Jos
Allah ya mayar da alheri, Abban Ilham. Kuma ba dole sai an yi sata ba. Vital sintisaiza ne mai ƙarfi kuma yana da na kyauta, yana ma nuna maka siffar sauti tana motsi. Surge XT kyauta ne gaba ɗaya. Dexed yana kwaikwayon DX7. LMMS cikakkiyar manhajar haɗa kiɗa ce ta kyauta, Audacity kuma don yanka da gyaran abin da ka naɗa. Abu ɗaya ka sani game da FL Studio na gwaji: zai bar ka ka adana aiki ka fitar da shi a matsayin sauti, amma ba zai sake buɗe maka aikin ba sai ka saya. Don haka duk abin da ka yi, ka fitar da kowane layi daban kafin ka rufe.

Sharp_Boy_22
To na ji. Amma batun kalangu, maimakon zuwa wajen dattijo, me zai hana ya yanko daga tsofaffin kasa-kasai? Ai can ne kalangu na asali yake.

Ɗalibar_Lauya
A yi hattara a nan. Waƙar da aka naɗa haƙƙi biyu ke kanta, na wanda ya tsara ta da na wanda ya mallaki naɗin. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a 2023, haƙƙin mai waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Alhaji Mamman Shata a 1999 ya rasu, ka yi lissafi da kanka. Ma'ana akwai magada da ya kamata a nemi izininsu. Zancen nan da ake yi wai in bai wuce sakan kaza ba babu laifi, ba ya cikin doka. A Amurka tun 1991 wata kotu a New York ta yanke hukunci a kan mawaƙin da ya yanki kiɗan wani ba izini, daga nan kamfanoni suka koma biya kafin su fitar. Ban da doka ma, haƙƙin mutane ne, kuma iyalansu suna raye a cikinmu.

Jikan_Makaɗi
Kuma a kaset kalangun a cakuɗe yake da murya da 'yan amshi, ba za ka iya zare shi shi kaɗai ba. Ka je wajen mai rai, ka biya shi, ka faɗa masa abin da za ka yi da shi.

Sabon_Shiga_Fagge
Na dawo da labari. Jiya bayan la'asar na je wajen Baba mai kalangu da goro da ɗan abin hasafi. Da farko dariya ya yi da na ce ya buga sau ɗaya ya tsaya, ya ce shi bai taɓa yin kiɗa guntu-guntu ba. Daga baya ya gane, har shi ke ce min "wannan bai fita ba, sake ɗauka". Mun shiga ɗakinsa, na kashe fanka, na jingine katifa a bango, na naɗa da waya. Na sami bugu 31. Na raba su a maɓallai, na yi gida 12 kamar yadda Ɗan_Zango ya ce, kuma wallahi ƙofar nan ta tafi. Har ƙanwata ta leƙo tana tambaya ko biki ake yi.

Matsala biyu. Masu ƙarfin suna da wani ƙara kamar takarda ta yage. Sannan in na buga da maɓallan laftof, sai na ɗaga yatsa sautin yake fitowa.

Injiniya_Samaru
Barka da ƙoƙari. Yagewar nan, sautin ne ya fi ƙarfin makirufo. A naɗin dijital akwai rufi a lamba 0, duk abin da ya wuce shi an fille masa kai, kuma ba ya gyaruwa daga baya. Sai dai ka koma. Ka ja wayar baya kamar kamu biyu, in manhajar naɗin tana nuna ma'auni ka bar mafi ƙarfin bugu ya tsaya wajen 10 ƙasa da sifili. Ka naɗa a WAV, wato nau'in fayil ɗin sauti da ba a matse shi ba. Kuma kar ka tura wa kanka ta saƙon murya na WhatsApp, matse shi yake yi, ka tura a matsayin fayil ko ta kebul.

Jinkirin kuma daga ma'ajin wucin gadi ne, wato inda kwamfuta ke tara gutsattsarin sauti kafin ta fitar da shi. Kwamfuta tana yanka sauti gutsure 44,100 a sakan. In ma'ajin yana kan 2048, jinkirin ya kusa kashi 46 cikin 1000 na sakan, kunne zai ji. Ka shiga saitin sauti, ka zaɓi FL Studio ASIO, ka sauke shi zuwa 512, wato wajen kashi 12. In tsohuwar laftof ɗin ta fara kakari, ka mayar da shi sama lokacin haɗawa, ka sauke lokacin bugawa.

Ƴar_Damagaram
Kafin ka je ga sa bes, in ja kunnenka da abin da ya taɓa ba ni wahala. Mutanenmu a waya suke jin waƙa, ko ƴar ƙaramar sifika ta shago. Bes mai santsi da ke girgiza sau 50 a sakan, a hedifon zai cika maka kai, a waya kuwa babu shi sam. Ka ɗan ƙona shi kaɗan, wato ka sa masa ɗan kaushi, don ya haifi ƴaƴa a sama waɗanda ƙaramar sifika za ta iya fitarwa. Ni kowane aiki sai na saurare shi a tsohuwar wayar innata kafin in miƙa.

Tsohon_Fiyano
Yaro, ka burge ni da ka je ka durƙusa gaban mai abin. Amma ka lura da abin da ya faru: da ka so kiɗan ya yi rai, yatsa ka sa a maɓallan laftof, ba linzami ba. Maganata ke nan tun farko. Su maɓallan laftof ba su san bugu mai ƙarfi da mai taushi ba, kuma ba su da gargaren lanƙwasa murya. Ina da wani ƙaramin fiyanon MIDI da na daina amfani da shi, maɓalli ɗaya ya mutu a can ƙarshe amma gargaren lafiya lau. In kana so ka yi min magana ta akwatin sirri, aro ne na wata uku.

Bes808_Kaduna
Baba ya yi halin girma. Ni dai har yanzu ina kan bakana, da linzami ma ana zana duk wannan, kuma ya fi daidai. Amma ka karɓa.

Jikan_Makaɗi
In za ka koma sake naɗin, ka roƙi Baba abu ɗaya. Bayan guntayen, ka bar wayar a kunne ya buga maka taken mahauta cikakke, ko minti biyu ne, kar ka tsayar da shi. Ba don ka yanka ba. Ka ɗora shi a layi ɗaya, naka a layi na biyu, ka riƙa kashe wannan kana kunna wancan. Ka lura da inda yake ɗan riga lissafi da inda yake ɗan jinkirtawa, sai ka ja naka gidajen su bi shi. Kuma ka tambaye shi abin da taken yake cewa, ka rubuta kalmomin a takarda.

Sabon_Shiga_Fagge
In sha Allahu ranar Asabar zan koma, ya ce in zo da safe kafin rana ta yi zafi, fatar ta fi daɗin murya a lokacin. Baba Tsohon_Fiyano, na tura maka saƙo. Malama, sarewar ta fito, amma hucin ya yi yawa har yana rufe muryar. A lamba nawa kike barin sa?